Biznen Bana da Irin Iya

Ruwan farko na bana ran Talata ya sauka, bayan la'asar. Ya zo da iskar da ta kwashe rufin shagon mai faci ta aje shi a tsakar gidan maƙwabta. Kafin magariba lungunmu ya zama kogi, takalman yara na yawo a kai. Kowa na ta barka. Ni ma na yi barka, don ba a ƙin yi wa ruwa barka, amma raina bai kwanta ba. Na daɗe da lura, ruwan da ya zo da irin wannan faɗan ba ya zama. Zai juye abin da ya kawo a yini ɗaya ya kama gabansa.

Haka kuwa aka yi. Kwana ashirin da ɗaya ko yayyafi. Geron da ɗana Rabe ya bizne a gonarmu ta wajen Ruma ya fito gwanin sha'awa, ya kai tsawon yatsa, sannan ya nannaɗe kamar an soya shi, ya kwanta. Bizne muke cewa a nan. Sai da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a kaina na ga ashe a littafi binne ake rubutawa. Shi ne ka zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai zo ba, ka rufe, ka bar shi ya jira.

Da can mai ƙoƙari ke yin bizne, don ya riga kowa cin tumu. Yanzu dole ce ta sa. Shekara shida ke nan da muka baro ƙauye muka dawo cikin Batsari saboda mutanen daji. Gona tana can, mu muna nan. Ba ranar da aka yi ruwa ake zuwa gona ba, sai ranar da aka ce hanya ta yi sauƙi. In ka samu shiga, ko ƙasa na ƙuna, sai ka zuba abin da ka zo da shi ka fito.

Shi ya sa da Rabe ya shigo ɗakina ya durƙusa yana ta jan gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ya zafi, ya ƙafar, na san ba ƙafata ce ta dame shi ba.

"Inna, an ce ran Alhamis za a shiga. Babura sun kai ashirin, 'yan sa-kai za su raka mu. Daga wannan kuma ba wanda ya san ranar da za a sake."

"To, Allah Ya kiyaye hanya."

"Amin. Dama maganar irin nan ce ta cikin tulu."

"Na sani. Tun da ka shigo tulun kake gaisarwa, ba ni ba."

Tiya uku ce ta rage a tulun. Ba geron kasuwa ba ne, wanda ake haɗa na gari bakwai a buhu ɗaya, ka shuka rabi ya nuna rabi na tsaye yana kallonka. Namu ne. Gajeren kai gare shi, mai gargasa, tsuntsu ba ya son sa, kuma yana saurin nuna. Ɗan Iya muke ce mashi. Daga hannun kakata ya zo hannuna, da shi aka kai ni gidan miji. Ranar da muka gudo, tukwanena na bari, na ɗauko shi a zani. Na bincika wajen dangi, kowa nasa ya ƙare, wani ya shuka ya ƙone, wani yunwa ta sa ya daka. In wannan tiya ukun ta shiga ƙasa ta mutu, ɗan Iya ya ƙare a duniya.

Na ce wa Rabe ya je sai na neme shi. Da ya fita na zauna ina kallon bakin tulun, sai ga shekarar shuka uku ta dawo mani kamar jiya.

Ina da shekara goma sha biyu, a gidan babana wajen Tsaskiya. Azumi ya faɗo a tsakiyar bazara. Zafin shekarar nan ban ga irinsa ba sai a 'yan shekarun nan. Tabarma in ka shimfiɗa a inuwa sai ka yayyafa mata ruwa kafin ka iya aza haƙarƙari. Kaji na yawo baki buɗe. Da asuba muke tafiya rijiya ni da innata, don in rana ta fito guga laka yake kawowa, mu zauna muna jiran ruwa ya taru kamar masu jiran haihuwa.

Baba ya yi bizne da rabin irin da ke rumbu. Ruwa ya zo, ya fito, aka yi fari ya ƙone. Ya sake zuba sauran bayan wani ruwa da ya yi kamar da gaske. Shi ma ya bi ɗan'uwansa. Rumbu kuwa dama ya kusa ƙasa, don damanar da ta wuce ba ta yi kirki ba. Aka fara rage awo. Tuwon dare ya koma kunu, kunun ya koma ruwa-ruwa har kana ganin fuskarka a ciki. Baba ya kai tunkiya kasuwa ya dawo da garin rogo da ba zai kai mako biyu ba. Muka shiga daji. Ganyen aduwa, goriba, 'ya'yan hanza da sai an jiƙa kwana uku ana zubar da ruwan ɗacin kafin a dafa, kuma duk da haka in ka ci sai harshenka ya yi kamar an goge shi da tsamiya. Dusar da muke ba awaki muka koma tankaɗewa. Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne shirun gari. Da hantsi ƙauyenmu luguden turmi ke tashi ta kowane gida, har ka san wace ce ke daka daga jin hannunta. A shekarar nan sai kukan kurciya.

Duk wannan yunwar, akwai gero a gidanmu. Kakata, uwar Baba, da muke kira Iya, tana da wata babbar gora a ƙarƙashin gadonta, cike da iri, an cakuɗa shi da toka saboda ƙwari, an liƙe bakin da laka. Kowa ya sani, ba mai magana. Ni ke share ɗakin, kullum sai tsintsiyata ta taɓa gorar nan.

Wata rana Iya ta tafi gaisuwar rasuwa. Ina azumi, ko in ce ina cewa ina azumi. Na ja gorar, na ɓanɓare lakar da farce, na cika hannu na watsa a baki. Toka ta shaƙe ni, hawaye na zuba, amma ban tofar ba. Na tauna, garas-garas, har na ji zaƙin ya fito. Na ƙara hannu ɗaya. Na kwaɓa ƙasa da miyau na mayar da murfin, na share bakina, na zauna a ƙofa kamar mutuniyar kirki.

Iya na shigowa ta tsaya.

"Ke, uwar surutu, yau lafiya kika yi shiru? Zo nan. Buɗe bakin."

Na buɗe.

"La ilaha illallahu. Azahar ba ta yi ba kin sha ruwa, kuma da murhu kika sha?"

Na fashe da kuka ina jiran duka. Ba ta taɓa ni ba. Ta zauna bakin gado ta jawo gorar tana auna nauyinta a cinya.

"Hannu nawa?"

"Biyu."

"Kin san abin da kika ci? Kunyar gona biyu kika cinye tun ba a shuka su ba. Ta ukun kuwa dama ba ki da ita." Ta dangware ni a goshi. "Daga gobe ke za ki riƙa raka ni. Mai cin iri gara ta san wahalarsa."

Kullum da sassafe sai mu tafi gona, tana dogara sanda. Akwai wani ƙaton gawo a iyakar gonarmu. Gawo itace ne mai taurin kai, da rani yake ganye, in damana ta tsaya da ƙafarta sai ya zubar. Iya za ta ɗaga kai ta daɗe tana kallonsa, ta duba ƙasa ta ga ko ya fara zubarwa. Ta dubi kukar bakin gari ta ga ko shamuwa ta zauna a sheƙa ko har yanzu yawo take. Ta tsaya kan ramin tururuwa. Ta jiƙa yatsa ta ɗaga ta ji inda iska ke fitowa. Ba ta yi mani bayani da yawa, sai dai, "Kin gani?" In na ce na gani, ta ce, "Ƙarya kike, sake dubawa."

Bayan salla da 'yan kwanaki hadari ya haɗu baƙi ƙirin, aka yi ruwa. Ƙamshin ƙasa ya cika gari, yara na tsalle tsirara. Da safe kowa ya saɓa sungumi, wanda ke da sauran iri ya fita da shi. Baba ya zo ƙofar Iya ya durƙusa.

"Iya, an yi ruwa."

"Na ji shi, ba kurma ba ce ni."

"Kowa ya fita. A ba ni gorar."

Baba ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunansa. Ta ce, "Kai wannan, biyo ni." Muka tafi gona mu uku. Ta durƙusa ta haƙa rami da hannu, tana zurawa har gwiwar hannu, ta fito da ƙasa ta buɗe tafinta. Busasshiya, tana zuba ta tsakanin yatsu.

"Danshin sama bai gaisa da na ƙasa ba. Gawo bai zubar ba. Ba na bayarwa."

"Iya, yara na kwana da yunwa. In lokaci ya wuce fa?"

"Sau biyu ka zuba, na ce maka uffan? Wannan nawa ne."

Baba ya kaɗa rigarsa ya tafi. Kwana tara yana gaishe ta daga bakin ƙofa, ba ya shiga. Innata na harararta ta ƙasan ido. Ni kaina na ce a raina tsohuwar nan so take ta kashe mu. A kwana taran nan shukar mutane ta fito ta mutu a gaban idonsu. Aka fita roƙon ruwa, maza sun juya riguna, dattawa na kuka a fili.

Ran na goma muka tarar gindin gawo ya yi shimfiɗa da ganye. Da yamma iska ta juyo daga gabas, mai sanyi. Ruwan da ya zo ba faɗa, ba tsawa, ya yi ta zuba a hankali har wayewar gari. Iya ta zura hannu, ta fito da shi da laka har gwiwa. Ta ce, "Je ki kira ubanki."

Ba mu kaɗai muka shuka gorar nan ba. Gida biyar Iya ta ɗebar wa ƙoƙo ɗai-ɗai. Aka haɗu aka yi gayya, a gama gonar wannan a shiga ta wancan. Maza a gaba suna sara da sungumi, mu a baya da ƙoƙo, ka jefa, ka rufe da diddige, ka jefa, ka rufe. Ciki ba komai sai ruwan hanza, amma mata har da guɗa. Iya na bayanmu tana faɗa, "Ƙwara biyar! Wadda ta zuba shida da ita zan kwana!" Ba a samu abin kirki ba a kakar, rumbunmu ko rabi bai kai ba. Amma mun ci tumu, kuma kafin kowa ya kai baki sai da Iya ta bi gona ta zaɓi kawunan da suka fi cika ta mayar wa gorarta. Motar agajin gwamnati ma ta zo a shekarar. Ta iso muna sussuka.

Waccan shekarar, har Iya ta rasu ana ba da labarinta, don ita kaɗai ce a cikin shekaru masu kyau. Yanzu kusan kowace damana ƙanwarta ce. Ni ce Iya yau, ni ke zaune kan iri, kuma ba ni da abin dubawa. Shamuwa ta zo bana ta yi kwanaki ta ɓace. Iska ta juyo daga gabas sau uku ba ta kawo komai ba. In zura hannu a ƙasa kuwa, sai na hau babur na ratsa dajin da ake ɗauke mutane. Gawon gonarmu na Ruma an sare shi an yi gawayi. Ba zan ɓoye ba, mutanenmu ne ke sarewa, Rabe ma ya taɓa ƙona gawayi shekarar da gero ya ƙi. Amma ba mu ke cinye shi ba. Manyan motoci ke zuwa su loda har su karkace, su bi ta gaban kowane shinge a ɗaga masu hannu. Wani direba ya gaya wa Rabe har bakin teku suke kaiwa, a sa a jirgi, a kai ƙasashen da ake gasa nama da shi don nishaɗi.

Watannin baya aka tara mu a wani fili, da rumfuna da kujerun roba da lasifika. Aka raba wa mata hijabai masu rubutu a baya. Na karanta na wadda ke gabana da kaina, harafi-harafi: sauyin yanayi. Wata yarinya mai gilashi ta yi magana mai ma'ana, Allah Ya yi mata albarka. Ta ce hayaƙin masana'antu da jirage da motocin manyan ƙasashe ne ya taru a sama ya rikita damana, kuma waɗanda ba su ci komai a ciki ba su suka fi shan wuya. Na ce yawwa, ashe ciwon yana da suna. Sai wani babba mai malum-malum ya karɓi lasifikar ya ce maganin abin shi ne mu mata mu daina girki da itace.

Ni da ke hura kara da kashin shanu. Ni da ban taɓa shiga jirgi ba, ko injin niƙa ban mallaka ba. Na miƙe, ta kusa da ni tana jan hijabina.

"Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya gare ni. Yaushe zan yi shuka?"

Ya yi murmushi. "Hajiya, an kafa kwamiti a kan wannan."

"Ban je Makka ba tukuna. Kwamitin ya ce yaushe?"

Mata suka kwashe da dariya. Ya gyara hula ya ce za a ci gaba da wayar da kan jama'a.

"Kaina a waye yake, ranka ya daɗe, har karatu na iya. An ce akwai masu na'urar da ke ganin ruwa tun bai zo ba. To su gaya mana da Hausa, su ce mutanen Batsari da Safana ku dakata, ko ku zuba. Tafkin da kuka ce za ku yashe tun ina goyon autana, yana nan yara na ƙwallo a ciki. Takin da kuke kawowa sai gero ya yi kai yake isowa. Hanyar gona kuma..."

Nan aka kashe lasifikar, wai lokacin salla ya yi. Aka ba kowace mace ɗan dashen bedi a baƙar leda, a tsakiyar rani, a garin da muke sayen ruwa a jarka. Aka ɗauki hoto muna riƙe da su. Nawa akuyar maƙwabta ta gama da shi kafin in cire hijabi.

To, ba wanda zai gaya mani. Ran Laraba na sa aka kira Rabe. Na fasa bakin tulun, na tankaɗe tokar, na auna tiya biyu a buhu. Ta ukun na ƙulle a tsumma daban.

"Inna, tiya biyu ba za ta rufe gonar ba."

"Sai a rage hannu."

"Waccan fa?"

"Funtuwa za ta, wajen yayarka Hurera. Can ruwa ya zauna."

"Haba Inna. Mutanen da masara kawai suka sani? Ƙasarsu ma ta yi mashi nauyi."

"Mu da muka baro gida, cikin gari daɗi ya yi mana? Ai ga mu muna numfashi. Kai ta tasha ka ba direban da ka sani. Kuma gobe da ni za a."

Ya buɗe baki zai yi magana, na ce in irin zai mutu a ƙasa, da hannuna zai shiga, kada gobe a ce Rabe ne ya ƙarar da irin Iya.

Ran Alhamis na hau bayan babur, ƙafar da ke ciwo na ɗora ta haka nan. Mun isa rana ta ɗan ɗaga. 'Yan sa-kai biyu suka hau kan suri da bindigogi suna kallon daji. Ba guɗa, ba mai ɗaga murya, ko tari mutum zai yi sai ya rufe baki. Na je kusa da kututturen gawon na durƙusa na zura hannu har gwiwa. Ƙasar da zafi kamar tokar da aka kwashe yanzu. Na san abin da Iya za ta ce. Na miƙe na karɓi ƙoƙo. Rabe na sara, ina jefawa, ƙwara huɗu, ina rufewa da diddige, rairayi na cin ƙafata ta cikin silifa. Kafin azahar 'yan sa-kai suka yi fito, kowa ya bar inda ya kai. Kunya uku suka rage ba mu shuka ba, dama irin ya ƙare.

Yau kwana goma sha ɗaya. Shekaranjiya hadari ya haɗu har muka kwashe shanya, iska ta watsar da shi. Ban sani ba ko irin na nan yana jira, ko tururuwa da zabin daji sun gama da shi. Ba mai iya zuwa ya duba.

Ɗazu da hantsi wayata ta yi ƙara, Hurera ce. Bayan gaisuwa ta ce, "Inna, ya fito fa. A bayan gida na sa shi, layi shida. Har uwar mijina na tambaya wane irin gero ne wannan mai taurin ganye."

"Ki ce mata na Tsaskiya ne. Ki kore kaji."

"Na kewaye shi da ƙaya. Ku fa, an samu ruwan?"

"Ana dai jira."

Ina jin ruwa na dukan kwanon ɗakinta ta cikin wayar.

"To Inna, in Allah Ya sa ya nuna, sai in sussuke in aiko maki gaba ɗaya."

"Kada ki kuskura. Ki zaɓi kawunan da suka fi cika, ki nemi toka da tulu mai ƙaramin baki. Rabi za ki aiko. Sauran ko ni na zo da kaina ina kuka, ki hana ni."